Taimakon Ƙasashen Waje Kan Koyon Sana'a: Ina Rabon 'Ya'yan Zango?

Kowace shekara idan yara 'yan ajin ƙarshe na JHS suka gama jarrabawar BECE, mu malaman makarantun da ke cikin Zango mun san irin baƙin da za mu yi. Uba zai zo da ɗansa biye da shi, bayan an gaisa ya ce, "Ticha, yaron nan boko bai karɓe shi ba. Ina so in kai shi wajen masta ya koyi gyaran mota." Ko kuwa uwa ta zo ta ce ai ta riga ta yi magana da wata madam mai ɗinki a Mamobi, keke kaɗai ya rage a saya. Ba shawara suka zo nema ba, sallama suka zo yi, don kada gobe a ce ba su gaya wa ticha ba. Mu kuma mukan sa albarka, domin kuwa sana'a ba abin kunya ba ce, da yawa daga cikinmu ma da kuɗin allura ko na guduma aka biya mana makaranta.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, yau fiye da shekara hamsin ke nan ƙasashen waje suna haɗa hannu da gwamnatin Gana a kan wannan magana ta koyon sana'a, an kashe kuɗi masu yawa, an gina makarantu, an kawo injuna, amma uban nan da ke tsaye a bakin ajinmu bai taɓa jin labarin ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen ba. Idan ma ya ji, ɗauka yake na wasu ne. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan warware wa masu karatu yadda abin yake, da inda ƙofarsa take.

Tun a shekarar 1966 gwamnatin Kanada ta taimaka aka buɗe makarantar koyon fasaha ta ATTC a Kokomlemle cikin Ankara, wadda yaron Nima zai iya zuwa da ƙafa. A 1970 aka yi dokar da ta kafa NVTI, watau cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, da taimakon Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Dattawanmu da suka yi aikin lantarki ko na famfo a ma'aikatun gwamnati har yanzu suna ajiye da takardar gwajin sana'a ta NVTI a ƙasan akwati. A 1976 Kanada ta sake taimakawa aka kafa makarantar fasaha ta Kumasi. Duk waɗannan makarantu sun yaye ƙwararru, babu mai musun haka. Amma tunanin wancan zamani shi ne a gina makaranta, a cika ta da injuna, yaro ya zo ya zauna shekara uku, ya fita da takarda ya sami aiki a masana'anta. To, masana'antun ba su yi yawan da aka zata ba, kujerun makarantun kuma ba su taɓa isar ko kusa da yawan yaran da ke neman sana'a ba.

Mu da muke cikin shekarunmu na arba'in yanzu, a kanmu aka gwada wata dabarar. Gyaran tsarin ilmi na 1987 ya kawo JSS, aka ce kowace makaranta za ta sami ɗakin koyon aikin hannu, kowane yaro ya fita ya iya riƙe zarto da awon katako. Muna iya tunawa a makarantar da muka yi, akwatin kayan aiki ya iso, amma ɗakin da za a yi aikin ba a gina shi ba, malamin da ya san aikin kuma ba a turo shi ba. Akwatin ya zauna a ofishin hedimasta a kulle, don tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi. A allo aka zana mana zarto da kurfi, muka kwafa a littafi, muka haddace sunayen sassansu da Turanci, muka kuma ci jarrabawa. Har muka bar makarantar hannunmu bai taɓa kurfi ba. Wannan bai faru a kowace makaranta ba, amma duk ɗan zamaninmu da muka ba wannan labari sai ya yi dariya ya ce kamar tasu.

A duk tsawon wannan lokaci, ainihin makarantar sana'a ta ƙasar nan tana bakin hanya, ƙarƙashin rumfar kwano. An ƙiyasta cewa wajen takwas cikin goma na masu sana'ar hannu a Gana wurin masta suka koya. Wanda ya taɓa shiga Suwame Magazin a Kumasi ya san abin da muke nufi: dubban makanikai da masu walda da maƙera da masu sayar da kayan gyara, ƙarar guduma tun safe har magariba, kuma 'ya'yan Aboabo da Asawasi da Sawaba suna cikinsu tun kaka da kakanni. Tsarin sananne ne. Iyaye su kai yaro da kuɗin shiga da lemo, a wajenmu a haɗa da goro a yi fatiha. Shekarar farko shara ce da wanke kayan aiki da aike. Daga nan ya fara kwance ƙusa, yana kallo yana kwaikwayo, har shekara uku ko huɗu, wani lokaci fiye, sa'an nan a yi bikin yaye shi. Masta yakan ba shi ɗan kuɗin abinci idan kasuwa ta yi kyau.

Wannan tsari ya ciyar da gidaje da yawa, kuma yana da abin da makaranta ba ta da shi, domin yaro yana koyon yadda ake magana da mai mota da yadda ake yanka farashi tare da aikin kansa. Amma yana da rauni guda babba. Masta ba ya iya koyar da abin da bai sani ba. Wanda ya ƙware a kan tsofaffin motoci, yau an kawo masa mota mai kwamfuta a ciki, wadda sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta da Turanci a kan gilashi. Idan bai iya karanta abin da na'urar ta rubuta ba, sai ya koma lalube, mai mota kuwa ba zai dawo ba. Haka mai gyaran rediyo da talabijin ya wayi gari kayan da ya sani sun bar kasuwa. Yaran da ke hannun irin waɗannan mastoci, gadon ilmin jiya suke ci. Bugu da ƙari, ranar yaye ba a ba su wata takarda da kamfanin gine-gine ko na haƙar ma'adinai zai duba.

Waɗanda suka fara gane cewa gara a bi masta har rumfarsa su ne malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. A 1980 suka buɗe wata 'yar cibiya a tsakiyar Suwame Magazin, inda masu sana'a ke zuwa su ga yadda ake aiki da injin sassaƙa ƙarfe da narka shi. Abin ya yi amfani har a 1987 aka kafa shirin GRATIS, da taimakon Kanada da Tarayyar Turai, don a kai irin wannan cibiya sauran jihohin ƙasar. Sai dai an daɗe kafin manyan masu ba da taimako su rungumi wannan tunani gaba ɗaya.

Ƙasar da ta fi kowa shiga wannan fage a 'yan shekarun nan ita ce Jamus, kuma yana da kyau mu san dalilin da ya sa ake sauraronta. A can, yaro da ya gama makarantar tilas yana iya sa hannu a yarjejeniya da kamfani ko shagon wani gwani. Kwana uku ko huɗu a mako yana wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu yana makarantar sana'a ta gwamnati inda ake koya masa lissafin aikin da dalilin kowane abu. Ana yin haka shekara biyu zuwa uku da rabi. Sana'o'in da doka ta amince da su sun haura 300, kowace da abin da dole a koya wa yaro a rubuce, kuma dokar da ta tsara wannan tun 1969 take. Ba mastan yaro ne ke cewa ya iya ba. Majalisar masu sana'a ce ke yi masa jarrabawa, takardar da ya samu kuma tana aiki ko'ina a ƙasar. Sa'an nan ga abin da ya fi ba mutanenmu mamaki idan muka faɗa musu: ɗan koyo ake biya, ba shi ke biya ba. A 2020 doka ta yanka mafi ƙarancin abin da za a ba shi a shekarar farko, Yuro 515 a wata.

A nan ne fa gizo ke saƙar. Injin walda ana iya sa shi a jirgin ruwa a sauke a Tema. Amma kamfanonin da za su ɗauki yaro su biya shi yana koyo, da majalisar masu sana'a mai ƙarfin da kowa zai yarda da hukuncinta, waɗannan ba sa shiga akwati. Jamusawa sun gina nasu a cikin ɗaruruwan shekaru. Mastan da ke Ashaiman, wanda shi kansa bai san ko gobe mota za ta shigo ba, ba za a ce masa ya riƙa biyan yara shida albashi ba. Duk wanda ya ce za a kwafo tsarin Jamus a dasa a Gana yadda yake, bai zauna a rumfar masta ba.

Ga alama su ma sun gane haka. Shirin bunƙasa sana'o'i na Gana da hukumar GIZ ta Jamus ta fara a 2012, tare da hukumar gwamnati mai kula da ilmin fasaha da ake kira COTVET a lokacin, bai ce a rushe tsarin masta ba. Cewa ya yi a ƙara masa abin da ya rasa. Yaro yana nan a shagon mastansa mafi yawan lokaci, amma ana ware wasu kwanaki ya je makarantar fasaha da ke kusa. Mastan shi ma ana kiransa a sabunta masa ilmi, a nuna masa sababbin kayan aiki da yadda ake koyar da yaro bi da bi. An fara da sana'o'i biyar: gyaran mota, walda, ɗinki, gyaran gashi da kwalliya, da gyaran kayan lantarki irin su talabijin. Daga baya aka ƙara wasu kamar aikin famfo da gini da kafinta da jan wayar lantarki da girki, Tarayyar Turai da Suwizalan kuma suka sa nasu kuɗin. Bankin raya ƙasashe na Jamus, KfW, ya biyo baya da shirin takardar biya, inda masta da yaransa ke samun horon ba tare da sun biya makarantar ba, shirin ne ke biya.

Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne takardar da ke ƙarshen horon. Tun 2012 Gana ke da tsanin takardun sana'a mai hawa takwas. Hawa biyu na ƙasa an yi su ne musamman don masu koyo a wurin masta, daga nan mutum yana iya hawa har ya kai jami'ar fasaha, tun da a 2016 aka fara mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i. Akwai kuma hanyar da gwanin da ya shekara ashirin yana aiki ba takarda zai je a gwada shi a kan abin da ya riga ya iya, a ba shi shaida. A 2020 majalisa ta yi dokokin da suka mayar da COTVET ta zama CTVET, suka kuma tattara makarantun sana'a na gwamnati, har da na NVTI, ƙarƙashin hukuma guda. A wannan shekarar ce Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin ayyukan yi da sana'o'i, wanda koyon sana'a wurin masta na cikinsa. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da nata shirin koyon sana'a na ƙasa. Watau dai ba rashin shiri ke damunmu ba.

To, me ya sa uban nan bai ji ba? Mun zauna da mastoci da iyaye a unguwanninmu, kuma abin da muka gani ya kasu ne tsakanin laifin masu shirin da namu.

Irin waɗannan shirye-shirye ba sa bin gida gida. Ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a suke bi, kamar ƙungiyar masu garejin gyaran mota ta ƙasa, da ta teloli da masu ɗinki, da ta masu gyaran gashi. Su ake tambaya su kawo sunayen mastoci da yaransu. Mastocinmu na Zango kuwa da yawa ba sa cikin kowace ƙungiya. Wani ya ce kuɗin wata-wata ne ba ya so, wani ya ce taron ranar Juma'a ake sa shi ko kuwa da yaren da ba ya sakewa a ciki, wani kuma tsoronsa kada sunansa ya shiga littafi masu haraji su biyo shi. Telan da ya fi kowa iya aikin babbar riga a unguwa, wanda manyan mutane ke layi a ƙofarsa kafin Salla, a idon shirin babu shi, yaransa goma ma babu su. Ranar da aka raba takardun biya, sai dai ya ji labari wajen maƙwabcinsa.

Na biyu ya fi ciwo, domin mu malamai ya shafa kai tsaye. Kwanakin da yaro zai yi a makarantar fasaha da Turanci ake yin su. Akwai awo, akwai lissafin kashi, akwai karanta zane. Hawan farko na tsanin bai nemi yaro ya zo da sakamako mai kyau ba, amma wanda ba ya iya karanta tef ɗin awo zai sha wuya ko a ina. Mun ga yaran da aka cire daga aji biyar na firamare aka kai gareji, a kan cewa ai sana'a ba ta bukatar boko. Dokar yara ta 1998 ta ce kada a ɗauki ɗan koyo sai ya kai shekara 15 ko ya gama makarantar tushe, amma wa ke dubawa? Da can mai yiwuwa maganar iyayen tana da ƙamshin gaskiya. Yau kuwa makaniki na bukatar karatu fiye da yadda akawu ya bukace shi a zamanin kakanninmu. Yaran nan suna da kai. Yaron da ya haddace izu goma a makarantar allo ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ja ba. Shekara biyu ko uku na ƙarshen JHS da ake yanke masa su ne ke rufe masa ƙofar.

'Yan mata kuma nasu ya ninka. Ɗinki da gyaran gashi kaɗai ake tuna musu, alhali layi guda a Nima sai ka ƙirga shagon ɗinki biyar suna jiran Salla. Masu shirye-shiryen nan sun daɗe suna neman 'yan matan da za su koyi lantarki ko gyaran waya ko haɗa faranti mai amfani da hasken rana, har sukan ba su fifiko, amma sai a rasa mai zuwa daga wajenmu. Mun san damuwar iyaye game da sa 'ya mace cikin maza a gareji, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai gyaran waya a kan tebur ake yin sa, mace na iya yin sa a zauren gidansu.

Masu shirin su ma suna da nasu. Sanarwa takan fito a jaridar Turanci da intanet, wa'adi ya wuce kafin labari ya iso masallaci. Da za a riƙa kai ta gidajen rediyon da ke da shirin Hausa, a kuma sanar da sarakunan Zango da limamai, da an ga bambanci. Sa'an nan shiri na shekara uku ne ko huɗu, idan kuɗin baƙi ya ƙare sai motoci masu tambari su ɓace, injin da ya lalace ya rasa mai sayo masa kayan gyara. Ga kuma babbar tambayar da horo kaɗai ba ya amsawa: yaro ya ƙware, ya sami takarda, ina jarin buɗe shago, ina filin kafa rumfa? A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango, har da ma'aikata ta musamman wadda aka rushe a 2021. A ganinmu babu inda kuɗin irin wannan asusu zai fi amfani kamar a nan, wajen kayan aikin fara sana'a ga yaran da suka riga suka gama koyo.

Kada kuma mu ɗauka duk wannan taimako sadaka ce tsantsa. Turai na da bukatunta guda biyu. Tana so samarinmu su daina bin hanyar Agadas zuwa Libiya su hau teku, kuma babu Zangon da bai san gidan da aka yi zaman makoki saboda wannan hanya ba. Don haka ne a watan Disamba na 2017 shugaban ƙasar Jamus, Frank-Walter Steinmeier, ya buɗe wata cibiya a Ankara mai ba da shawara kan aiki da ƙaura da sake zaunar da waɗanda suka dawo. A gefe guda kuma Jamus na ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, har ta yi dokar da ta fara aiki a watan Maris na 2020 don sauƙaƙa wa masu sana'a daga wajen Turai shiga ƙasar. Amma mai takardar da za a iya tantancewa suke nema. Ba laifi ba ne mutum ya nemi amfaninsa, mu ma sai mu san namu. Abin da kawai muke jan kunne a kai shi ne 'yan damfara da ke yawo da sunan waɗannan shirye-shirye suna karɓar kuɗin fom da na biza. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a hannu zai kai yaro Jamus, a tambaye shi ofishinsa, a kuma je ofishin ilmin fasaha na jiha a tabbatar kafin sidi ɗaya ya fita.

Akwai wani tsohon ɗalibinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, wanda mahaifinsa ya so cire shi a aji biyu na JHS. Muka roƙi alfarma a bar shi ya gama, da sharaɗin yana zuwa wurin masta ranar Asabar da lokacin hutu. Mahaifin ya yarda da ƙyar. Bai ci BECE da wani abin a zo a gani ba, amma ya fita yana karatu yana lissafi. Da ya koma garejin gaba ɗaya, shi ne kaɗai cikin yara bakwai ke iya karanta abin da na'urar gwajin mota ta rubuta, har mastan ya riƙa tura shi horo a madadinsa. Sauran shidan ba su fi shi rashin ƙoƙari ba, biyu daga cikinsu ma sun fi shi hannu.

A bana mun yanke shawara a makarantarmu cewa ba za mu jira iyaye su zo sallama bayan jarrabawa ba. A taron iyaye na zangon karatu na biyu za mu gayyato mastoci uku na unguwa da madam biyu, tare da wani daga ƙungiyar masu gareji da wani daga makarantar fasaha mafi kusa, a zauna a yi maganar da Hausa. Mun roƙi kowane uba da ke da niyyar kai ɗansa sana'a ya zo da sunan mastan da ya zaɓa, domin tambayar farko da za mu yi ita ce ko mastan yana da rajista da ƙungiyarsa. Mun kuma gaya wa Liman, ya ce zai sanar bayan sallar Juma'a mako biyu kafin ranar.